Yadda Ake Rubuta Wasiƙar da Za Ta Raka Tayin Sayen Gida a Amurka

Wanda ya saba da cinikin gida a Kano ko Damagaram ya san cewa da wuya a kammala shi ba tare da mai gida da mai saye sun zauna ba, ko da kuwa dillali ne ya haɗa su. Ana gaisawa, a tambayi asalin juna, a taya, a yi albarka, a ƙara, har mai gida ya sallama a gaban shaidu, kuma sau da yawa sanin ko wane ne mai sayen yakan yi tasiri daidai da kuɗinsa, domin mai sayarwa ba ya son ya bar wa maƙwabtansa mutumin da za su riƙa kuka da shi. A Amurka tsarin dabam ne. Mai saye yakan shiga gidan ya duba shi ɗaki-ɗaki ba tare da ya ga mai shi ba, sannan dillalinsa ya cike takardar tayi ya aika wa dillalin mai gidan. Idan gidan mai farin jini ne, sai a sanya rana da sa'ar rufe karɓar tayi, a tara na mutum biyar ko goma, a ajiye wa mai gidan ya zaɓi ɗaya. Abin da yake gabansa a lokacin sunaye ne da lambobi kawai. Wannan ne ya haifar da al'adar haɗa tayi da gajeriyar wasiƙa daga mai saye zuwa ga mai gida, wadda Amurkawa suke yi wa laƙabi da wasiƙar soyayya.

Al'adar ta yi ƙarfi sosai a shekarun 2020 da 2021, lokacin da kuɗin ruwan bashin gida na shekara talatin ya sauka zuwa kashi 2.65 cikin ɗari a watan Janairun 2021, kamar yadda kamfanin Freddie Mac mai harkar bashin gidaje ya ƙididdige, masu neman gida suka yi wa gidajen da ke kasuwa yawa. Daga baya kuɗin ruwan ya hau har ya kai kashi 7.79 a watan Oktoban 2023, rububin ya ragu, amma har yanzu a unguwannin da makarantunsu suke da kyau kuma gidajen sayarwa ba su da yawa, mai saye yakan tarar da kansa cikin masu tayi da dama a kan gida ɗaya.

Ina rubuta wannan ne domin 'yan uwanmu masu jin Hausa da suke zaune a can, daga Nijeriya da Nijar da zangunan Gana, waɗanda suka gaji da haya suka fara neman na kansu. Ra'ayina tun daga farko shi ne, wasiƙar tana da amfani ne kawai idan tayinka ya yi kunnen doki da na wani, kuma wasiƙar da za ta amfane ka ita ce wadda ta yi magana a kan gidan da kuma sauƙin da za ka kawo wa mai sayarwa. Wadda ta tsaya bayanin ko kai wane ne tana iya jawo maka asara, ta kuma jefa mai gidan cikin matsala da hukuma.

Mataki na farko: ka san dokar kafin ka ɗauki alƙalami

A ranar 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Dokar Adalci a Harkar Gidaje. Dokar ta haramta nuna bambanci wajen sayar da gida ko ba da haya saboda jinsin al'ummar da mutum ya fito, ko launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali. A 1974 aka ƙara kasancewar mutum namiji ko mace, a 1988 kuma aka ƙara naƙasa da yanayin iyali, wato ko akwai yara 'yan ƙasa da shekara 18 a gidan ko kuma mace mai juna biyu. Jihohi da birane da yawa sun ƙara nasu a kan waɗannan bakwai, kamar matsayin aure da shekaru da hanyar samun kuɗin shiga. Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta tarayya, wadda aka fi sani da HUD, ita ce take karɓar koke a kan karya dokar.

Alaƙar wannan da wasiƙa a fili take. Idan mai saye ya rubuta cewa yana hango 'ya'yansa uku suna wasa a tsakar gidan ranar Kirsimeti, ko kuma ya ce gidan ya burge shi saboda kusancinsa da masallaci, to a jimla ɗaya ya bayyana addininsa da yanayin iyalinsa. Idan mai gidan ya zaɓe shi saboda haka, wanda aka ƙi tayinsa yana da hujjar cewa an nuna masa bambanci, idan kuma ya ƙi shi saboda haka, to an zalunci marubucin wasiƙar. Saboda wannan ne Ƙungiyar Dillalan Gidaje ta Ƙasa ta gargaɗi mambobinta a 2020 da su yi hattara da irin waɗannan wasiƙu, kada su taya rubuta su, kuma su fahimtar da masu sayarwa haɗarin da ke ciki. Jihar Oregon ta wuce nan a 2021, ta yi dokar da ta hana dillalin mai gida miƙa masa irin wannan wasiƙa. Dokar ta fara aiki a watan Janairun 2022, amma wani kamfanin dillancin gidaje ya kai ƙara, alƙalin kotun tarayya Marco Hernández ya dakatar da ita a watan Maris na shekarar bisa hujjar cewa ta taɓa 'yancin faɗin albarkacin baki, daga baya kuma aka daina aiki da ita ɗungurungum. Saboda haka rubuta wasiƙar ba laifi ba ne, sai dai kamfanonin dillanci da yawa sun kafa wa kansu ƙa'idar ƙin karɓarta.

Wannan batu ya fi shafar mu fiye da yawancin masu saye, kuma ya kamata a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa idan za ka nemi alfarma wajen mutum, sai ka fara gabatar da kanka, ka faɗi garinku da gidanku, ka ambaci iyali, ka haɗa da addu'a. Kusan duk abin da muke ɗauka a matsayin ladabin gabatar da kai yana cikin jerin abubuwan da dokar ta hana mai gida ya duba. Bayan haka, baƙar fata ɗan ci-rani, musamman idan Musulmi ne, ba shi da tabbacin cewa bayyana kansa zai jawo masa tausayi. Akwai masu gida na kirki da yawa, akwai kuma wanda zai karanta ya ajiye takardar gefe ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma tabbatar da hakan a gaban hukuma abu ne mai wuyar gaske. Sunanka dai yana kan takardar tayi, ba za ka iya ɓoye shi ba kuma bai kamata ka yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, amma babu dalilin da zai sa ka ƙara wa mai son zuciya abin da zai kama.

Mataki na biyu: ka bincika ko wasiƙar za ta isa, da kuma wanda za ta isa gare shi

Tun daga watan Agustan 2024, dillalan da ke aiki da rumbun tallan gidaje na ƙungiyarsu sai sun ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da mai saye kafin su zagaya da shi gidaje, don haka a ranar da za ku sa hannu a kan wannan yarjejeniya ka tambayi dillalinka matsayin kamfaninsu game da wasiƙa. Idan kuma ka ga gidan da ya kwanta maka, ka sa shi ya kira dillalin mai gidan ya yi masa tambayoyi biyu: shin mai gidan yana karɓar wasiƙa, kuma baya ga farashi, mene ne ya fi damunsa a wannan ciniki? Idan aka ce ba a karɓa, to ka bar maganar nan. Kada ka jefa ta a akwatin wasiƙun gidan, kada ka nemi mai gidan a Facebook, domin hakan yana nuna masa tun kafin a fara cewa kai mutum ne da ba ya tsayawa inda aka ce a tsaya.

Amsar tambaya ta biyu ita ce jarin wasiƙarka. Ka kuma lura da irin mai sayarwar. Gidan da banki ya ƙwace yake sayarwa, ko wanda ɗan kasuwa ya saya ya gyara domin riba, ko na kamfanonin da ke saye da sayarwa ta intanet irin su Opendoor, babu mai karanta wasiƙa a can, lissafi kawai ake yi. Wanda wasiƙa take iya taɓawa shi ne mutumin da ya shekara ashirin ko talatin a gidan, ya dasa itatuwansa da hannunsa, ko magadan da suke sayar da gidan da suka tashi a ciki kuma ba sa son a rushe shi.

Mataki na uku: ka gyara tayin kansa

Wasiƙa mai daɗi ba ta cike giɓin dala dubu ashirin, kuma duk wanda ya ce maka tana yi ya yaudare ka. Abin da mai gida yake tsoro shi ne ciniki ya ɓaci bayan ya cire gidansa daga kasuwa, saboda haka kowane sashe na tayinka ya kamata ya rage masa wannan tsoro. Ka haɗa da takardar amincewar farko daga wanda zai ba ka kuɗin sayen, wadda aka bayar bayan an duba takardun albashinka da na haraji da tarihin biyan bashinka, domin ta fi wadda aka bayar bisa abin da ka faɗa da baki nauyi nesa ba kusa ba. Ka ajiye kafin alƙalami mai kauri gwargwadon ƙarfinka. A yawancin wurare yakan kama daga kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari na farashin, wato a gidan dala 320,000 ana maganar dala 3,200 zuwa 9,600, kuma ba a hannun mai gida ake ba da shi ba, ana ajiye shi ne a asusun amana na wani kamfani ko lauya da ba ya ɓangaren kowa har ranar kammala ciniki.

Sai sharuɗɗan janyewa, waɗanda manyansu uku ne: duba lafiyar gini, ƙiyasta darajar gida, da samun kuɗin sayen. A lokacin rububi mutane da yawa sun riƙa yafe sharaɗin duba lafiyar gini domin tayinsu ya yi armashi, kuma ni ba na ba kowa wannan shawara, balle wanda wannan ne gidansa na farko kuma bai saba da ginin katako da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da na'urar ɗumama gida ba. Abin da ya fi shi ne ka taƙaita kwanakin dubawar, ko ka rubuta cewa ba za ka nemi a gyara ƙananan abubuwa ba sai manyan da suka shafi tushe da rufi da wutar lantarki. Ciniki da bashin banki yakan ɗauki kwana 30 zuwa 45 kafin a miƙa makulli, kuma idan mai gidan bai gama shirya inda zai koma ba, kana iya yarda ya ci gaba da zama na ɗan lokaci bayan an kammala. Ka dai kula cewa yawancin takardun bashin gidan zama suna wajabta maka tarewa cikin kwana 60, don haka kada alfarmar ta wuce nan.

Waɗanda suke guje wa kuɗin ruwa suna bin kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da Devon Bank na Shikago, masu ba da kuɗin sayen gida a tsarin musharaka (mallakar haɗin gwiwa) ko murabaha (su saya su sayar maka da ƙayyadaddiyar riba), suna da ƙarin aiki ɗaya. Dillalin mai gida da bai taɓa aiki da irin wannan tsari ba yana iya ɗari-ɗari da shi saboda rashin sani. Maganin wannan shi ne jami'in kamfanin ya kira shi da kansa ya tabbatar masa cewa an tantance ka kuma za a kammala a ranar da aka sa. Kada ka mayar da wasiƙarka wurin bayanin dalilin da ya sa ba ka karɓar bashi da ruwa, domin ka koma maganar addini ke nan.

Mataki na huɗu: ka tattara abin faɗa tun ranar da ka je duba gidan

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tayi a kasuwa mai zafi yakan zama na sa'o'i ne. Yayin da kake zagaya gidan, ka rubuta a wayarka abubuwa biyu ko uku da aka ga hannun mai gidan a cikinsu: lambun kayan miya da aka kewaye da katako a baya, ko daɓen katako na asali da aka kula da shi shekaru da yawa, ko kantocin littattafai da aka ƙera a jikin bango, ko fayil ɗin takardun gyare-gyare da aka ajiye a kicin domin masu dubawa su gani. Abin da mutum ya ɓata lokacinsa a kai shi yake son a lura da shi. Ka kauce wa abin da ya shafi sirrinsu, kamar hotunan iyali da ke bango, da alamun addini, da magunguna ko keken marasa lafiya da ka gani a ɗaki. Ka kuma riƙe bakinka a cikin gidan, domin gidaje da yawa suna da kyamara a ƙofa da cikin falo, kuma abin da ka faɗa game da farashi ko launin fenti yana iya isa kunnen mai gidan kafin wasiƙarka.

Mataki na biyar: rubutun

Wasiƙar da Turanci za a rubuta ta, kuma kada ta wuce shafi ɗaya. Kalmomi 150 zuwa 250 sun isa, domin mai karatun yana da tarin takardu a gabansa kuma wataƙila a waya zai karanta. Ka buɗe da sunan masu gidan kamar yadda yake a takardar tayi, idan kuma ba ka da tabbacin yadda ake kiransu, ka ce zuwa ga masu gida mai lamba kaza a titi kaza. Doguwar gaisuwa irin tamu, da tambayar lafiyar iyali da gajiya, ba ta da gurbi a nan, jimla ɗaya ta godiya saboda damar ganin gidan ta wadatar.

Daga nan ka shiga maganar gidan kai tsaye, da abubuwan da ka rubuta ranar dubawa. Bambancin wasiƙar da ake tunawa da wadda ake mantawa yana cikin ƙayyade abu. Kowa zai rubuta cewa gidan yana da kyau kuma ya ji kamar gidansa ne. Wanda ya rubuta cewa ya tsaya a tagar kicin da yamma ya ga yadda aka jera kwamin tumatir inda rana ta fi daɗewa, ya nuna cewa ya ga aikin da aka yi. Idan da gaske kana da niyyar riƙe abin, ka faɗa, idan kuma ba ka da ita, ka yaba kawai ka wuce.

Game da kanka, jimla ɗaya ko biyu sun isa, kuma su kasance a kan abin da dokar ba ta shafa ba: cewa kai ne za ka zauna a gidan da kanka, cewa ka shekara kaza kana haya a wannan gari kuma kana son ka daɗe a cikinsa, cewa kana son aikin lambu ko aikin katako. Faɗin cewa za ka zauna a ciki yana da nauyi, domin masu gida da yawa sun fi son wanda zai zauna a kan wanda zai zuba 'yan haya. Sashe na ƙarshe shi ne inda za ka amsa damuwar da dillalinka ya jiyo: an tantance kuɗinka, ka yarda da ranar da suke so, ba za ka wahalar da su a kan ƙananan gyare-gyare ba. Duk abin da ka faɗa a nan dole ya kasance yana cikin takardar tayi da lafazi iri ɗaya, saboda takardar tayi ce take ɗaure mutum a shari'a, kuma saɓani tsakanin takardun biyu yana sa dillalin mai gida ya fara shakkar ka.

Ga misalin yadda ma'anar irin wannan wasiƙa za ta kasance idan aka faɗe ta da Hausa:

"Zuwa ga masu gida. Mun gode da kuka ba mu damar ganin gidanku ranar Asabar. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne lambun da ke baya, musamman yadda aka ɗaga kwamin da katako aka kuma ja musu ruwa, da kuma daɓen falo wanda aka ce tun ginin gidan yake amma har yanzu yana sheƙi. Mun ga fayil ɗin takardun gyara da kuka ajiye, kuma ya nuna mana irin kulawar da gidan ya samu a hannunku. Mun shekara shida muna haya a wannan gari, mu ne za mu zauna a gidan da kanmu, kuma muna da niyyar ci gaba da noma lambun. An riga an tantance takardun kuɗinmu, kamar yadda za ku gani a takardar da ke haɗe. Mun ji cewa kuna bukatar lokaci kafin ku tashi, shi ya sa muka sa a tayinmu cewa kuna iya zama har kwana 30 bayan kammala ciniki. Mun gode da kuka karanta, kuma muna yi muku fatan alheri a inda za ku koma."

Mai karatu zai lura cewa kalmar "mu" ba ta bayyana ko su wane ne ba, kuma babu abin da ya ragu daga ladabin wasiƙar saboda haka.

Mataki na shida: ka koma ka cire abin da zai cuce ka

Wannan mataki ya fi rubutun kansa muhimmanci, domin magana zarar bunu ce. Ka fara da hoto: kada ka saka hotonka ko na iyalinka, saboda hoto ɗaya yana bayyana launi da jinsi da yara, wani lokaci har da addini. Ka cire ambaton ƙasar da ka fito da labarin zuwanka Amurka, duk da cewa na san labari ne mai taɓa zuciya kuma mutum yana alfahari da shi. Ka cire maganar mata da miji da yara da juna biyu da tsofaffin iyaye da rashin lafiya, ka cire masallaci da coci da bukukuwan Sallah, har da kalmomin addu'a da suke fita daga bakinmu ba tare da mun lura ba. Yabon unguwa ma yana bukatar kula, domin cewa kana son unguwar saboda akwai mutanenku a ciki ya koma maganar asali. Ka yabi itatuwan titi da filin shaƙatawa da kusancin wurin aiki.

Sai abubuwan da ba su shafi doka ba amma suna rage maka ƙarfi. Kada ka nuna matsuwa, kamar cewa wa'adin hayarka ya kusa ƙarewa ko an ƙi tayinka sau biyar, kada kuma ka ce za ka yi duk abin da ake so domin ka samu gidan. Bayan an karɓi tayi akwai sauran ciniki a gaba, lokacin da rahoton mai duba gini zai fito ko mai ƙiyasi ya sa wa gidan daraja ƙasa da farashin, kuma mai gidan da ya san zuciyarka ta riga ta tare a gidan ba zai rage maka ko sisi ba. Kada ka ambaci ƙarancin kuɗi da nufin neman tausayi, domin abin da zai karanta a ciki shi ne cinikin yana iya rushewa. Kada ka faɗi gyaran da za ka yi, ko da rushe bango ɗaya ne, saboda wanda ya zauna a gida shekara talatin yana jin hakan kamar an kushe masa. Haka kuma kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba, irin su cewa ba za ka taɓa sare itacen da ke ƙofar gida ba alhali ka san za ka sare. Wataƙila kotu ba za ta kama ka da shi ba, amma yaudara ce a cikin ciniki, kuma maƙwabtan da za ka zauna da su abokan mai gidan ne na shekaru.

Mataki na bakwai: dubawa da aikawa

Ka ba wanda Turanci ya zauna a bakinsa ya karanta maka, ya gyara kuskuren nahawu ba tare da ya sauya muryarka ba. Wasiƙar da aka kwafo daga intanet ana gane ta, domin dillalai sun ga irinta ɗaruruwa. Wasu sun fi son rubutun hannu, amma tunda yawancin tayi ta imel ake aika shi, abin da ya fi sauƙi shi ne a buga ta da na'ura, ka sa hannu, a mayar da ita PDF. Kada ka sa lambar wayarka ko adireshinka, duk wata magana ta bi ta hannun dillalai. Ka sani cewa wasu dillalan ba za su yarda su karanta ta ba saboda ƙa'idar kamfaninsu, kuma a jihohin da lauya yake shiga cinikin gida, kamar Niyok, yana da kyau ka nuna masa ita. Ta tafi tare da tayin a saƙo ɗaya kafin sa'ar rufewa, domin wadda ta zo daga baya takan tarar an riga an yanke shawara.

Idan dillalin mai gida ya ce ba a karɓar wasiƙa, ba ka rasa abu mai yawa ba, domin rabin abin da ke cikinta mai amfani, wato tantance kuɗi da sassaucin rana da niyyar zama a gidan, dillalinka yana iya rubuta shi a saƙon da zai raka tayin, kuma wannan ba ya jefa kowa cikin haɗari.

Bayan an amsa

Idan aka karɓi tayinka, ka cika abin da ka rubuta, ka kuma ci gaba da bin hanyar dillalai har ranar miƙa makulli, ko da mai gidan ya aiko maka da amsa mai daɗi. Idan aka ƙi, ka sa dillalinka ya tambayi abin da ya sa wancan tayin ya fi naka, ko da yake ba dole ba ne a gaya masa, sannan ka nemi a ajiye naka a matsayin tayi na biyu a rubuce, domin cinikin farko yakan rushe a wajen duba gini ko wajen banki, gidan ya dawo kan wanda ke biye. Kada ka aika wa gida na gaba wasiƙar da ka rubuta wa wannan, sai ka sake ta daga tushe da abin da ka gani a can. Idan kuma kana da dalili mai ƙarfi na zargin cewa an ƙi ka ne saboda launinka ko addininka ko asalinka, misali wata magana da aka faɗa ko aka rubuta, ka adana saƙonnin da ranakunsu da sunayen waɗanda suka ji. Doka ta ba ka shekara ɗaya daga ranar da abin ya faru ka kai koke ga HUD, wanda ba a biyan kuɗi a kansa, ko kuma shekara biyu ka shigar da ƙara a kotu.